Daga Makuba Zuwa Texcote: Yadda Kanawa Suka Raba Shafen Ciki Da Na Waje

Yau mun ɗan ajiye maganar waya, bango za mu duba.

In damina ta wuce, ka bi ta Court Road a Gyadi-Gyadi ko ka shiga layukan Tarauni, ka lura da katangun gidaje. Za ka ga gida biyu a jere, shekara ɗaya aka yi musu fenti. Ɗaya yana nan da kyansa, ɗayan kuwa ya koɗe, in ka jingina sai farin gari ya kama maka riga. Sau da yawa dalilin ɗaya ne: fentin ɗaki aka shafa a waje. Kakanninmu kuwa sun raba waɗannan biyun tun kafin bokitin fenti ya shigo Kano.

ZAMANIN GININ ƘASA

Tsohon ginin Kano na tubali ne da azara, kuma babban maƙiyinsa ruwan sama ne. Hadarinmu daga gabas ya fi tasowa, shi ya sa bangon gabas ya fi kowanne shan duka. Magina sai suka nemo masa riga.

Riga ta farko ita ce makuba. Ka san ɗorawa dai: garinta a sha, kalwarta a yi daddawa. To ɓawon nan da ya rage shi ake jiƙawa, a kwaɓa ƙasa da ruwansa, a yaɓe bangon waje. Sinadarin da ke cikinsa ɗan uwan na bagaruwar jima ne, yana ƙara wa ƙasa tauri, ya rage mata shan ruwa. Amma ba ta dawwama, bayan 'yan shekaru sai an sabunta.

Wanda ya fi ta ƙarfi shi ne laso, simintin Hausawa ke nan. Haɗinsa uku ne. Akwai katsi, wato dagwalon da ke kwantawa a gindin rijiyar rini, a kwaso shi, a busar, a ƙona, a daka. Akwai gashin jima da ake samowa wajen majema, shi ke hana tsagewa. Sai saiwar dafara, wadda yauƙinta ke haɗe su. Da laso ake shafe saman soro da bakin indararo, da shi ma ake shafe cikin rijiyar rinin kanta. Ka ga sharar marina irin ta Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 take, ita ce ke kare rufin mutanen gari.

A cikin ɗaki kuwa ba ruwan sama, ba rana, don haka ba mai ɓarnatar da laso a nan. Abin da ake nema shi ne haske da tsafta da ado. Sai a shafa farar ƙasa a bango, mata su taru su yi daɓen ƙasan ɗaki, amarya ta zo ta yi jeren kwanukanta. Masu hali da sarakuna su sa a yi musu zane mai tudu a bango da jikin bakan gizo. In kana son ganin irin wannan gini da idonka, ka leƙa gidan tarihi na Gidan Makama.

SHIGOWAR SIMINTI DA BOKITI

Turawa sun ci Kano a 1903, layin dogo ya iso a 1911. Ta nan kwanon rufi da siminti da fentin gwangwani suka riƙa shigowa, aka fara ganin su a gidajen gwamnati da na kamfanoni. A lokacin akwai distemfa, mai araha amma mai fita a hannu, da kuma fentin mai na ƙofa da taga. Fentin ruwa na zamani, wanda muke kira imolshan, sai wajen shekarun 1950 ya bazu a duniya. Kamfanin Berger ya fara aiki a Najeriya a 1959, masana'antar siminti ta Sakkwato kuma ta fara fitarwa a 1967, shekarar da aka ƙirƙiro jihar Kano.

Daga nan gari ya tumbatsa ya fito bayan badala. Unguwannin da ke gefen titin Zariya, irin su Gyadi-Gyadi, Tarauni da Unguwa Uku, suka cika da gidajen bulo da filasta. Makuba ta ja baya, Texcote mai ƙurji-ƙurji ya karɓi aikinta a katangar waje.

Amma a nan aka yi asarar wani abu. Da can ba wanda zai rikita laso da farar ƙasa, domin ko makaho ya taɓa zai bambance. Yanzu kuwa duka a bokiti iri ɗaya suke zuwa, launi ɗaya, sai mutane suka ɗauka abu ɗaya ne.

ME KE CIKIN BOKITIN?

Kowane fenti yana da launi, da gam ɗin da ke riƙe launin a bango, da ruwa ko man da ya tsinka shi, da wasu 'yan sinadarai na ƙari. Bambancin yana wajen gam da ƙarin.

Bangon waje a Kano yana shan zafin da ke kai maki 40 a watan Afrilu, ruwan Agusta ya dake shi, sanyin hunturu ya busar da shi. Bango yana ɗan buɗewa da rana, ya tsuke da dare. Shi ya sa ake yin fentin waje da gam mai talewa kamar roba, mai jure hasken rana, a ƙara masa maganin gansakuka. Na ciki kuwa ana yin sa ne don ya jure gogewa da hannun yara, kuma warinsa ya yi sauƙi. In ka fitar da shi waje, rana ta cinye gam ɗin, launin ya saki ya zama garin nan da ke kama riga. In kuma ka shigo da na waje ɗakin kwana, ka rufe kanka da iyalinka da sinadaran da aka yi don sararin iska. Mai asma da jariri su za su fara ji.

Akwai kuma maganar dalma. An daɗe ana saka ta a fentin mai, har Amurka ta hana ta a fentin gida a 1978 saboda illarta ga ƙwaƙwalwar yara. In kana kankare tsohon fentin ƙofa ko taga, ka jiƙa shi tukuna, ka nesanta yara, ka kwashe ɓarɓashin.

KAFIN KA FITAR DA KUƊINKA

In ka je Ƙofar Ruwa ko shagon unguwa, kar ka tsaya a "ba ni fari bokiti uku". Faɗa wa mai shago inda za a shafa, sannan ka karanta jikin bokitin da kanka. Sabon filasta ka bar shi ya yi kamar sati 4 ya bushe sosai, ko da biki ya matso. In gindin bango yana fitar da farin zartsi, danshi ne ke hawowa daga ƙasa, ba fentin da zai rufe shi sai an gyara tushen. Kuma ka sa ido kan yawan ruwan da ake ƙara wa fenti, domin duk ruwan da ya wuce ƙa'ida gam yake ragewa.

In kuɗin ba za su kai ko'ina ba, yi yadda maginan da suke yi: mai kyan ya tafi bangon gabas da duk inda rana ke duka, mai sauƙin ya zauna a ɗaki. Wanda kuma ya taso a gidan makuba ko kakansa magini ne, ya ƙara mana da abin da ya sani. Allah Ya sa mu amfana.