Tarihin Roy Keane, tsohon kyaftin ɗin Manchester United da Ireland

Roy Keane ya shafe shekaru 12 yana buga wa Manchester United ƙwallo, takwas daga cikinsu a matsayin kyaftin, kuma ya wakilci ƙasarsa, Jamhuriyar Ireland, a wasanni 67.

Masana ƙwallon ƙafa na sanya shi a sahun gaba na 'yan wasan tsakiyar da suka taɓa taka leda a Ingila. An san shi da ƙwace ƙwallo, da raba ta ba tare da ɓarna ba, da kuma tsawata wa duk abokin wasan da ya ga ya yi sakaci.

Sai dai wannan hali na rashin lamuntar sakaci ya jawo masa asara har sau biyu. An kore shi daga sansanin Ireland ana dab da fara gasar cin kofin duniya ta 2002, sannan ya bar United a tsakiyar kakar wasa a 2005 bayan sun ɓata da Sir Alex Ferguson.

Tasowarsa a birnin Cork

An haifi Roy Maurice Keane ranar 10 ga watan Agustan 1971 a birnin Cork da ke kudancin Ireland, a gidan masu ƙaramin ƙarfi. Ya taɓa damben zamani yana yaro, kafin ya mai da hankali kan ƙwallo a wata ƙungiyar matasa mai suna Rockmount.

A wancan lokacin burin duk wani yaro mai hazaƙa a Ireland shi ne ya tsallaka Ingila tun yana ɗan shekara 15 ko 16. Keane bai samu wannan dama ba, domin masu farautar 'yan wasa suna ganin jikinsa ya yi ƙanƙanta. Ya aika wasiƙu ga ƙungiyoyin Ingila da dama yana neman a gwada shi, amma babu wadda ta gayyace shi.

A 1989 ya shiga Cobh Ramblers, wata ƙaramar ƙungiya da ke kusa da Cork. A can ne wani wakilin Nottingham Forest ya gan shi, kuma a 1990 Forest ta saye shi a kan kuɗin da jimillarsa ta kai fam dubu 47.

A hannun Brian Clough

Kocin Forest a lokacin shi ne Brian Clough, wanda ya ci wa ƙungiyar kofin zakarun Turai a 1979 da 1980. Clough bai ɓata lokaci ba, ya saka matashin a wasan da suka yi da Liverpool a filin Anfield cikin watan Agustan 1990.

A kakarsa ta farko Keane ya buga wasan ƙarshe na kofin FA, inda Tottenham ta doke su da ci 2-1. A shekarar da ta biyo baya ma sun kai wasan ƙarshe na kofin League, amma Manchester United ta yi galaba a kansu da ci 1-0.

Keane ya sha ba da labarin yadda Clough ya naushe shi a ɗakin sauya kaya, bayan wani kuskure da ya yi ya sa Crystal Palace ta farke ƙwallo a gasar kofin FA. Ya ce bai taɓa riƙe kocin a zuciya ba saboda hakan.

A 1993 Forest ta faɗo daga gasar Firimiya, Clough kuma ya yi ritaya. Keane ya amince da baki zai koma Blackburn Rovers wadda Kenny Dalglish ke jagoranta, amma ba a samu sa hannu ba domin takardun ba su kammala ba kafin hutun ƙarshen mako. Kafin ranar Litinin Ferguson ya kira shi ta waya ya sauya masa ra'ayi.

United ta biya fam miliyan 3 da dubu 750, kuɗi mafi yawa da wata ƙungiyar Birtaniya ta taɓa biya a kan ɗan wasa zuwa wannan lokaci.

Shekarun ɗaukaka a Old Trafford

Keane ya ci ƙwallo biyu a wasansa na farko a Old Trafford, a karawa da Sheffield United. A kakarsa ta farko ƙungiyar ta haɗa kofin Firimiya da na FA, ta kuma maimaita hakan a 1996.

Da Eric Cantona ya yi ritaya a 1997, sai Ferguson ya naɗa shi kyaftin. Amma watanni kaɗan bayan haka jijiyar gwiwarsa ta tsinke a wasa da Leeds United, abin da ya hana shi buga sauran kakar. A shekarar Arsenal ce ta ƙwace kofin Firimiya.

Wasan da aka fi tunawa da shi a rayuwar Keane shi ne na ranar 21 ga Afrilun 1999 a birnin Turin na Italiya, zagaye na biyu na wasan kusa da na ƙarshe na kofin zakarun Turai. An tashi 1-1 a Manchester, kuma minti 11 kacal da fara wasan Turin Filippo Inzaghi ya zura wa United ƙwallo biyu.

A minti na 24 Keane ya farke ɗaya da ka, daga bugun kusurwar da David Beckham ya yi. Jim kaɗan bayan haka alƙalin wasa ya ba shi katin gargaɗi saboda ƙetar da ya yi wa Zinedine Zidane, wanda ke nufin ko da sun yi nasara ba zai buga wasan ƙarshe ba.

Duk da haka bai sassauta ba har aka tashi. Dwight Yorke da Andy Cole suka ƙara ɗaya-ɗaya, United ta ci Juventus 3-2.

Daga cikin 'yan kallo ya ga wasan ƙarshen da United ta doke Bayern Munich 2-1 a Barcelona, ta kammala lashe manyan kofuna uku a kaka guda. A ƙarshen shekarar shi ya ci ƙwallo ɗaya tilo da suka doke Palmeiras ta Brazil da ita a Tokyo, a wasan zakarun Turai da na Kudancin Amurka.

A shekara ta 2000 ƙungiyar ƙwararrun 'yan wasan Ingila da ta marubuta labarin ƙwallon ƙafa duk sun zaɓe shi gwarzon shekara. A wannan shekarar ce kuma ya caccaki attajiran da ke zama a ɗakunan alfarma na Old Trafford, yana cewa sun fi damuwa da abin da za su ci da sha a kan wasan da suka zo kallo.

Takaddamarsa da Haaland

Lokacin da Keane ya ji raunin gwiwa a 1997, yana ƙoƙarin tare Alf-Inge Haaland ne, ɗan ƙasar Norway, mahaifin Erling Haaland. Yana kwance a ƙasa Haaland ya tsaya a kansa yana zarginsa da cewa raunin ƙarya ne.

A watan Afrilun 2001 suka haɗu a wasan hamayya tsakanin United da Manchester City, inda Haaland ya koma. Keane ya ɗaga ƙafa ya taka shi a gwiwa, aka ba shi jan kati, aka kuma dakatar da shi wasa uku.

Maganar ta sake tasowa a 2002, lokacin da littafin tarihin rayuwarsa ya nuna cewa da gangan ya yi. Hukumar ƙwallon Ingila ta ƙara masa dakatarwar wasa biyar da tarar fam dubu 150.

Mutane da dama na cewa wannan ƙeta ce ta kawo ƙarshen wasan Haaland. Sai dai gwiwar dama Keane ya taka, yayin da ciwon da ya tilasta wa Haaland yin ritaya a 2003 ke a gwiwar hagu.

A rigar Ireland

Keane ya fara buga wa Ireland wasa a 1991, a karawar sada zumunta da Chile, ƙarƙashin Jack Charlton. Ya buga duka wasanni huɗun da ƙasar ta yi a gasar cin kofin duniya ta 1994 a Amurka, ciki har da wanda ta ba Italiya mamaki da ci 1-0. Holland ce ta fitar da su a zagaye na biyu.

Ƙoƙarinsa mafi girma a rigar ƙasarsa ya zo ne a wasannin share fagen gasar 2002. An haɗa Ireland rukuni ɗaya da Portugal da Holland, amma ba a doke ta ko sau ɗaya ba. A watan Satumban 2001 ta ci Holland 1-0 a Dublin, duk da cewa an kori ɗan wasanta guda.

Daga nan ta fitar da Iran a wasan cike gurbi. Keane ya buga zagayen farko da aka ci 2-0 a Dublin, amma bai je Tehran ba saboda ciwon gwiwa.

Rikicin Saipan

A tsakiyar watan Mayun 2002 Ireland ta yi wasan ban-kwana da Najeriya a Dublin, wanda Super Eagles ta ci 2-1. Daga nan tawagar ta tashi zuwa Saipan, wani ƙaramin tsibiri a tekun Pasifik, domin sabawa da yanayi kafin ta wuce Japan.

Tun kafin lokacin Keane ya sha kokawa kan yadda hukumar ƙwallon ƙasar ke tafiyar da shirye-shirye. A Saipan kuwa 'yan wasa sun riga kayan atisaye da ƙwallaye isa, filin da aka tanadar musu kuma ya yi tauri ƙwarai.

Da farko ya ce zai koma gida, daga baya ya janye. Amma ya yi hira da jaridar Irish Times inda ya zayyana duk abubuwan da ba su gamshe shi ba.

Koci Mick McCarthy ya tara 'yan wasa ya tuhume shi a gabansu kan hirar. Bisa bayanin Keane, kocin ya kuma zarge shi da fakewa da rauni domin kauce wa tafiya Iran. Keane ya mayar da martani da kakkausan lafazi, kuma ranar 23 ga Mayu McCarthy ya sanar da cewa ya sallami kyaftin ɗinsa.

Batun ya raba kan al'ummar Ireland. Wasu na ganin ya juya wa ƙasarsa baya a lokacin da ta fi buƙatarsa, wasu kuma na cewa gaskiyar da kowa ya kasa faɗa ce ya faɗa. Duk ƙoƙarin sasantawa ya ci tura.

Ba tare da shi ba Ireland ta yi kunnen doki 1-1 da Kamaru, ta sake yin 1-1 da Jamus, ta ci Saudiyya 3-0, kafin Spaniya ta fitar da ita a bugun fenariti. Wani bincike da hukumar ƙwallon ƙasar ta sa aka gudanar bayan gasar ya gaskata da yawa daga cikin ƙorafe-ƙorafensa game da shirye-shiryen.

McCarthy ya yi murabus a watan Nuwamban 2002. Keane ya dawo a 2004 ƙarƙashin Brian Kerr, sannan ya daina buga wa ƙasar wasa a 2005 bayan ta kasa samun gurbin gasar 2006. Bai sake buga gasar cin kofin duniya ba tun ta 1994.

Rabuwa da United

A watan Oktoban 2005 Middlesbrough ta lallasa United da ci 4-1, lokacin Keane na jinyar karayar ƙafa. Da aka gayyace shi ya yi sharhi a tashar talabijin ta ƙungiyar, MUTV, sai ya soki abokan wasansa ɗaya bayan ɗaya. Shugabannin ƙungiyar sun hana a watsa shirin.

Ranar 18 ga Nuwamba aka sanar da cewa ɓangarorin biyu sun rabu. Ferguson, wanda ya goya masa baya a rikicin Saipan, ya bayyana daga baya cewa ba shi da zaɓin da ya wuce sallamarsa.

Keane ya koma Celtic ta Scotland, ƙungiyar da ke da ɗimbin magoya baya a Ireland. Wasansa na farko a watan Janairun 2006 bai yi daɗi ba, domin ƙaramar ƙungiyar Clyde ta fitar da su daga kofin Scotland. Amma ya ci kofin lig da na League da ƙungiyar, kafin ya yi ritaya a watan Yuni bisa shawarar likitoci, saboda ciwon ƙugu.

Bayan ritaya

A watan Agustan 2006 ya zama kocin Sunderland. Wanda ya ɗauke shi aiki shi ne Niall Quinn, ɗaya daga cikin manyan 'yan wasan da suka mara wa McCarthy baya a Saipan.

Ya tarar da ƙungiyar a ƙasan teburin rukuni na biyu, ya kai ta gasar Firimiya a matsayin zakara a kakarsa ta farko. Ya taɓa barin 'yan wasa uku a gida saboda sun makara wajen shiga motar tafiya wasa. Ya ajiye aikin a watan Disamban 2008, sannan ya horar da Ipswich Town daga 2009 zuwa 2011 ba tare da wata nasara ta a zo a gani ba.

Daga 2013 zuwa 2018 ya yi mataimakin Martin O'Neill a tawagar Ireland, wadda suka kai zagaye na biyu na gasar cin kofin nahiyar Turai ta 2016. Ya kuma yi suna a fagen sharhin wasanni a gidajen talabijin na Birtaniya. A 2021 aka saka sunansa a jerin gwarzayen tarihin gasar Firimiya.

Roy Keane a taƙaice

Nottingham Forest: 1990 zuwa 1993
Manchester United: 1993 zuwa 2005, wasa 480, ƙwallo 51
Celtic: 2005 zuwa 2006
Jamhuriyar Ireland: 1991 zuwa 2005, wasa 67, ƙwallo 9
Kofin Firimiya: 1994, 1996, 1997, 1999, 2000, 2001, 2003
Kofin FA: 1994, 1996, 1999, 2004