Gasar Da Fasinja Ba Ya Gani: Ƙananan Kamfanonin Jiragen Sama Da Neman Kwangila A Amurka

Matafiyin da ya yanki tikitin Delta ko United daga wani ƙaramin gari a Amurka, sau da yawa jirgin da zai hau fenti ne kawai na kamfanin a jikinsa. Matuƙan da ma'aikatan cikin jirgin da makanikan da suka duba shi cikin dare duk na wani kamfani ne daban, irin su SkyWest ko Republic ko Mesa, wanda sunansa ke rubuce da ƙananan haruffa a gindin tikiti. Waɗannan ƙananan kamfanoni suna gasa mai tsanani a tsakaninsu, sai dai ba a kan fasinja suke yin ta ba, don ba su da ta cewa a kan kuɗin tikiti ko lokacin tashi ko garin da za a sauka. Abin da wannan maƙala ke son nunawa shi ne, hajar da ake ciniki a wannan kasuwa, in an bi diddigi, ƙwadagon matuƙa ne. Kuma duk sauyin da aka gani a ƙarfin baki tsakanin manya da ƙanana ya biyo bayan arhar wannan ƙwadago ne ko tsadarsa.

Tsarin ya samo asali tun 1967, lokacin da kamfanin jiragen sama na Allegheny ya miƙa wa ƙaramin kamfanin Henson zirga-zirgar garin Hagerstown a jihar Maryland, ya bar shi yana tashi da sunansa. Amma bai bunƙasa ba sai bayan dokar 1978 da Shugaba Jimmy Carter ya sanya wa hannu, wadda ta cire hannun gwamnati daga ƙayyade hanyoyi da farashi. Manyan kamfanoni suka koma tara fasinja a manyan matattara kamar Atlanta da Chicago da Dallas, daga nan su rarraba su. Matattara kuwa ba ta cika sai da masu jigilo mata mutane daga ƙananan garuruwa, inda babban jirgi ba zai ci riba ba.

Da farko raba kuɗin tikiti ake yi gwargwadon nisan da kowa ya ɗauki fasinja, saboda haka ƙaramin kamfani yana da ruwa da tsaki a cikar jirgi. Daga ƙarshen shekarun 1990 aka karkata ga wata yarjejeniya wadda ta fi kama da ɗaukar shatar mota: babban kamfani ya saye kujerun duka, shi ke tsara jadawali, shi ke sayar da tikiti ya riƙe kuɗin, galibi shi ke biyan mai. Ƙaramin kuma a biya shi ƙayyadajjen kuɗi a kan kowace sa'ar tafiya da kowane tashi da kowane jirgi, ko an cika ko ba a cika ba, da ɗan ihisani in ya kiyaye lokaci bai yawaita soke tashi ba. A ido, wannan kwanciyar hankali ce. Amma a lura da abin da ya rage a hannun ɗan kwangila. Jiragen iri ɗaya ne, na Bombardier ko na Embraer, mai ba nasa ba ne, kasuwa ba tasa ba ce. In babban kamfani ya nemi tayi, kusan wuri guda ne kawai mai nema zai iya rage farashi ya doke abokin takararsa, wato albashi.

A nan ne wani abin mamaki yake. A aikin jirgin sama na Amurka albashin matuƙi yana hawa ne da yawan shekarunsa a kamfani guda, kuma in ya bar kamfanin ya koma wani, daga ƙasan layi zai fara, ko da ya shekara ashirin yana tuƙi. Ke nan kamfanin da ya ci kwangila ya riƙe ta shekara goma, ma'aikatansa sun daɗe, sun ƙware, sun yi tsada. Ranar da za a sabunta, sai wani sabon kamfani mai sababbin ma'aikata ya zo da tayi mai rahusa. Nasarar jiya ita ce ke kayar da shi yau. Kuma matuƙan da suka rasa aiki a can, su ne ake ɗauka a nan a kan albashin ɗan koyo, wani lokaci ma su tuƙa ainihin jiragen da suka bari.

Labarin Comair ya isa misali. Wannan kamfani na Cincinnati shi ya fara tashi da ƙaramin jet mai kujera 50 na Bombardier a Amurka a 1993, ya yi fice har Delta ya saye shi a farkon 2000 a kan kimanin dala biliyan 1.8. A 2001 matuƙansa suka shiga yajin aiki na kwana 89, matattarar Delta ta Cincinnati ta kusa tsayawa cik, daga ƙarshe suka sami ƙarin albashi mafi tsoka a ajinsu. Darasin da manyan kamfanoni suka ɗauka daga nan shi ne kada a sake barin ɗan kwangila guda ya riƙe matattara guda. Aka shiga cakuɗa su, uku ko huɗu a filin jirgi ɗaya, ta yadda in ɗaya ya ɗaga kai a karkatar da aiki ga sauran. Comair kuwa ya zama mafi tsada a cikin 'yan gidan Delta, aka yi ta rage masa jirage, har aka rufe shi a Satumbar 2012.

Wanda ya ce zai ƙi tayi ya tsaya da ƙafarsa fa? Atlantic Coast Airlines ya gwada. Da United ya shiga kotun fatara a ƙarshen 2002 ya nemi 'yan kwangilarsa su rage farashi, sai Atlantic Coast ya ƙi, ya sauya suna zuwa Independence Air a 2004, ya fara sayar da tikitin kansa daga filin Dulles na Washington. Ƙananan jiragen nan masu kujera 50 kuɗin ɗaukar kowace kujera a cikinsu yana da yawa, ga shi yana sayar da tikiti da arha, ga tsohon ubangidansa yana gogayya da shi a fili ɗaya. A Janairun 2006 ya rufe. Tun daga nan kowa ya gane cewa barazanar ficewa ba ta da haƙora. Wasu ma sai da suka sayi kwangila da kuɗinsu: a 2005 masu Air Wisconsin suka zuba dala miliyan 125 a US Airways, wanda ke cikin kotun fatara, domin jiragensu su sami wurin aiki bayan rabuwa da United.

Sai kuma masu saye suka ragu. Delta ya haɗe da Northwest a 2008, United da Continental a 2010, American da US Airways a 2013. Shida suka koma uku, sai Alaska a gefe. Yawancinsu ba masu saye ba ne kawai: American yana da Envoy da PSA da Piedmont, Delta yana da Endeavor, Alaska yana da Horizon. Wato alƙalin gasa yana da 'ya'yansa a cikin 'yan takara. Ba abin mamaki ba ne da Mesaba ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a 2005, Mesa a 2010, Pinnacle a 2012. Shi wannan na ƙarshe da ya fito daga kotu a 2013 ya zama mallakar Delta, shi ne Endeavor na yau.

Akwai kuma wani hannu na uku da ke shata filin wasan, shi ne ƙungiyar matuƙan manyan kamfanoni. Su a wurinsu kowane jirgi da aka ba ɗan kwangila gurbin aiki ne da ya suɓuce musu, don haka a yarjejeniyarsu da kamfani sukan sa sharaɗin iyaka: jirgin ɗan kwangila kada ya wuce kujera 76, nauyinsa lokacin tashi kada ya wuce kusan kilo 39,000, kuma a ƙayyade yawan irinsa. Wannan sharaɗi ya kai har masana'antu. Sabon samfurin Embraer, E175-E2, ya fi ƙarancin shan mai amma ya zarce nauyin, aka jingine shi. Shi ma SpaceJet na Mitsubishi ya gamu da wannan shinge cikin matsalolinsa masu yawa, aka soke shirin a 2023. Mafi ban dariya shi ne CRJ550, wanda GoJet ya fara tashi da shi wa United a 2019: jirgi ne da aka ƙera don kujera kusan 70, aka cire kujeru ya koma 50 domin ya shiga ajin da ba a cika ƙidayarsa ba.

Masu kare tsarin suna da hujja, kuma ba ta wasa ba ce. Da ba don wannan arha ba, garuruwa da dama da ba su ga jirgin da zai haɗa su da duniya da tikiti guda ba. Masana tattalin arziki Silke Forbes da Mara Lederman, a binciken da suka wallafa a 2009, sun nuna cewa manyan kamfanoni sun fi amfani da ƙananan da suka mallaka a hanyoyin da yanayi ke yawan ɓaci, inda ake buƙatar sauya jadawali cikin gaggawa ba tare da komawa teburin ciniki ba. Wannan ya dace da mazhabar masanin tattalin arziki Oliver Williamson, wadda ke cewa kamfani yakan mallaki abin da rubuta masa cikakkiyar kwangila ke da wuya, ya bar sauran ga kasuwa. Na yarda da wannan bayani a kan tambayar wa za a mallaka, wa za a ɗauka haya. Amma bai amsa tambayar daga aljihun wa arhar ta fito ba.

Haɗarin da ya faru kusa da Buffalo ranar 12 ga Fabrairu, 2009 shi ya fito da amsar fili. Jirgin Colgan Air ne mai tashi da sunan Continental, mutum 50 suka rasu. Bincike ya ɗora alhakin kan yadda kyaftin ya ɗauki matakin kuskure lokacin da gudun jirgin ya ragu, amma abin da ya girgiza jama'a shi ne jin cewa mataimakiyar matuƙin albashinta bai fi kimanin dala 16,000 a shekara ba, kuma daga Seattle, can ɗaya ƙarshen ƙasar, ta kwana tana tafiya don ta zo aiki. Majalisa ta yi doka a 2010, wadda daga 2013 ta wajabta wa mataimakin matuƙi sa'a 1,500 ta tuƙi maimakon 250, in ban da rangwame ga tsofaffin sojoji da masu wasu takardun digiri. Abin lura, duka matuƙan Colgan biyu sun riga sun wuce sa'a 1,500. Dokar ba ta yi daidai da ciwon ba, amma ta sauya kasuwa fiye da yadda kowa ya zata.

Matuƙi ya zama abu mai wuyar samu. A Fabrairun 2016 Republic ya shiga kotun fatara, ba don rashin kwangila ba, sai don rashin waɗanda za su tuƙa jiragen da ya yi alƙawari. Annobar korona ta ɗan mayar da hannun agogo baya: Trans States da Compass suka rufe a Afrilun 2020, kuma United, wanda ke da hannun jari a ExpressJet da CommutAir duka, ya zaɓi CommutAir mai rahusa ya bar ExpressJet ya daina tashi a ƙarshen Satumba, abin da ya yiwu cikin sauƙi don jiragen a hannun United suke. Amma da tafiye-tafiye suka dawo, manyan kamfanoni suka kwashe kyaftin-kyaftin na ƙanana don cike gurbin waɗanda suka sallama. A Yunin 2022 American ya ɗaga albashin sabon mataimakin matuƙi a kamfanoninsa daga kimanin dala 50 a sa'a zuwa 90. Dole sauran suka bi. Mesa ya bi, amma ya ce American ya ƙi ƙara masa kuɗin kwangila da zai rufe ƙarin, ya koma yana asara, suka sanar da rabuwa a ƙarshen shekarar, ya koma wa United kacokan. Dubi yadda abin ya juya: babban kamfani ya yi amfani da 'ya'yansa ya tsadar da ƙwadago, kamar yadda a da ya yi amfani da baƙi ya karya farashinsa.

SkyWest, wanda aka kafa a garin St. George na jihar Utah a 1972, shi ya fi kowa tsira daga wannan juyi, kuma dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Yana yi wa United da Delta da American da Alaska aiki gaba ɗaya, don haka babu mai riƙe masa wuya shi kaɗai. Yawancin jiragensa shi ya saye su, ba za a kwashe su dare ɗaya a ba wani ba. Matuƙansa kuma ba sa cikin babbar ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa. Duk da haka a Maris ɗin 2022 ya sanar da niyyar janyewa daga ƙananan garuruwa 29 da gwamnatin tarayya ke tallafa wa zirga-zirgarsu, saboda ƙarancin matuƙa, sai da Ma'aikatar Sufuri ta hana shi tafiya kafin a sami madadi.

Wannan ya taɓa hujjar masu kare tsarin a jijiyarta. Jirgi mai kujera 50 yana buƙatar matuƙa biyu kamar mai kujera 180. Da albashi ya hau, shi ne na farko da lissafinsa ya daina fita, kuma shi ne mai zuwa ƙananan garuruwa. Air Wisconsin, wanda irin waɗannan jirage kaɗai yake da su, kwangilarsa da American ta ƙare a Afrilun 2025. A wannan watan ne kuma Republic da Mesa suka sanar da haɗewa, abin da ya bar manyan kamfanoni uku suna fuskantar manyan 'yan kwangila biyu masu zaman kansu, wato SkyWest da Republic, da 'yan tsirarun ƙanana waɗanda kowannensu ubangida ɗaya yake yi wa aiki.