Yadda Manhajar Yanayi ta Fito Fili

A watan Agustan 2007 wani ɗan Kanada mai suna Stephen McIntyre ya gano kuskure a alƙaluman zafin Amurka da hukumar NASA ke fitarwa. An yi tuntuɓe ne wajen haɗa rumbunan bayanai biyu, sai zafin shekarun 2000 zuwa sama ya ƙaru da kusan digiri 0.15. Kuskuren bai taka kara ya karya ba a lissafin duniya baki ɗaya, amma ya tono wata tambaya: ta yaya za mu gaskata sakamakon da ba mu ga manhajar da ta haife shi ba?

A wancan zamanin, mujallun kimiyya takarda kawai suke ba masana su tantance. Rubutun manhajar kuwa yana can a kwamfutar mai bincike, ba mai leƙawa.

Da matsin lamba ya yi yawa, a watan Satumba James Hansen da abokan aikinsa suka saki rubutun manhajar tasu, GISTEMP. Tsohon rubutu ne, akasarinsa cikin harshen Fortran, mai wuyar bi. Nan ne abin da ya fi burge mu ya faru. Wasu injiniyoyin manhaja biyu a Ingila, Nick Barnes da David Jones, suka zauna suka sake rubuta ta da harshen Python, don kowa ya iya karantawa. Sun tsinci ƙananan kurakurai, sun sanar da NASA, an gyara. Sakamakonsu kuwa ya zo daidai da na hukumar. Ke nan buɗe ƙofar da ake ɗari-ɗari da ita, ita ta wanke masu gidan.

A 2016 aka kafa mujallar JOSS musamman don manhajojin bincike na buɗe. Takardar gajeruwa ce. Manhajar ake tantancewa, a bainar jama'a a dandalin GitHub. Mai bita zai sauke ta, ya gwada, ya duba lasisinta da bayanin amfani da ita. Ta wannan hanya GSODR, mai ɗebo bayanan kullum na dubban tashoshin yanayi na duniya, ta fito a 2017.

Sai dai mu lura, masu bitar nan 'yan sa-kai ne, kuma abin da suke tabbatarwa shi ne manhajar tana aiki. Idan ma'aunin ruwan sama na wata tasha ya lalace wata uku, giɓin yana nan a cikin bayanan.