Manhajojin da ke maida murya rubutu: ina kyauta take ƙarewa, ina biya yake farawa?

Manhajar maida murya rubutu ita ce wadda za ka ba sautin hira, taro ko saƙon murya, cikin ƴan mintoci ta fito maka da shi a rubuce. Tana aiki ne da ƙirƙirarriyar basira, wadda ake taƙaitawa da IA a Faransanci. Ɗan jaridar da ya taɓa kwana yana kwafe hirar awa guda da biro ya san amfaninta. Sai dai kusan dukansu da kalmar "kyauta" suke tarbar mutum, shi ya sa muka ga ya kamata mu duba yadda aka tsara su.

Mu fara da injin. A watan Satumban 2022 kamfanin OpenAI na Amurka ya saki Whisper, wanda aka horar da sautin awa 680,000, ya kuma bar shi a buɗe kowa ya ɗauka. Manhajoji da yawa da ke Play Store shi suka ɗauko suka sa masa sabuwar riga. Wanda ya yi hayarsa kai tsaye daga kamfanin yana biyan dalar Amurka 0.006 a kan minti ɗaya, wato awa guda ta kama kusan dala arba'in na kuɗinmu, sefa 200 ke nan. To kun ga abin da ake sayar mana ba injin ba ne, sauƙin aiki ne: maɓalli ɗaya, rarrabe muryoyin masu magana, taƙaita hira, fitar da rubutun a Word.

Kyautar kuwa aunanniya ce. Otter.ai na ba da minti 300 a wata, amma kowace hira ba ta wuce minti 30, kuma sauti uku kawai za ka iya lodawa daga wayarka, daga nan ƙofa ta rufe. TurboScribe na ba da sauti uku a rana, kowane minti 30. Ba da ka aka zaɓi wannan talatin ɗin ba. Ta isa mutum ya ɗanɗana ya ji daɗi, amma ba ta isa taron manema labarai ko zaman majalisar gari. Akwai ma ƙananan manhajojin da ke bari ka loda sautin, ka jira ya ƙare, su nuna maka layukan farko, sauran sai ka biya. Sun san a lokacin an matsu, labari na jiran fita.

Inda aka fi cin kuɗin mutane shi ne biyan da ke sabunta kansa. Mun saba da tsarin Canal+: wata ya ƙare ba ka biya ba, hoto ya ɗauke, shi ke nan. A nan ba haka ba ne. Ana ba ka gwajin kwana uku ko bakwai bayan ka sa lambar katin banki, ranar da ya cika a cire kuɗi ba sallama. Sau da yawa farashin da aka rubuta da manyan lambobi na wata ne, alhali na shekara za a cire gaba ɗaya. Goge manhajar daga waya kuma ba ya tsaida biyan. Sai an shiga Play Store, sashen "Paiements et abonnements", an soke shi da hannu.

Sai maganar harshe. Hausa na cikin jerin harsuna kusan ɗari na Whisper, don haka manhajoji ke sa ta a tallarsu. Amma sautin Hausar da injin ya koya kaɗan ne in aka gwada da Turanci ko Faransanci, balle Hausar Ader ko ta Damagaram mai gauraye da kalmomin Faransanci, ga ƙarar babura a baya. Abin da ya fi damun mu shi ne ba ya cewa bai ji ba. A Oktoban 2024 kamfanin dillancin labarai na AP ya ruwaito cewa Whisper kan ƙirƙiro jimlolin da babu wanda ya faɗe su. Maganar da za a jingina wa hakimi ko magajin gari, dole a koma a saurare ta da kunne. Kafin a biya ko dala, a gwada mintocin kyautar da sauti mafi hayaniya da ake da shi.

Akwai kuma tambayar inda sautin yake zuwa. Yawancin manhajojin suna aika shi zuwa kwamfutocin kamfani a ƙasar waje, wasu ma sun rubuta a sharuɗɗansu cewa za su iya horar da injinsu da shi. Hira da wanda ya nemi a sakaya sunansa ba ta dace da irin wannan hanya ba. WhatsApp, da ya kawo nasa tsarin a Nuwamban 2024, ya ce a cikin wayar ake rubuta saƙon, ba ya fita ko'ina, kuma ba a biya. Sai dai babu Hausa cikin harsunan da ya fara da su.