Ciwon baya: Idan faifai ya nutse cikin ƙashi

Ɗaukar kaya masu nauyi shi ne abincin yau da gobe na jama'a da dama a yammacin jihar Zamfara, kama daga masu haƙar zinari a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum har zuwa manoman fadamun Gummi.

Ɗaya daga cikin abubuwan da likitoci kan gani a hoton bayan irin waɗannan mutane shi ne abin da ake kira ƙullin Schmorl.

An sa masa sunan wani likitan Jamus ne, Christian Georg Schmorl, wanda ya yi bayaninsa a shekarar 1927, bayan ya binciki gawawwaki masu yawa a birnin Dresden.

Yadda yake faruwa

Ƙashin bayan mutum yana da gaɓoɓi 33, kuma akwai faya-fayan guringuntsi 23 da ke tsakaninsu tamkar matashi. Kowane faifai yana da tauri daga waje, amma cikinsa laushi gare shi kamar kamu.

A gocewar faifai da aka fi sani, wannan laushin kan ɓullo ta baya ko ta gefe ya danne jijiya, sai ciwo ya sauka har ƙafa.

A ƙullin Schmorl kuwa, sama ko ƙasa yake nufa. Yakan fasa siririn murfin da ya raba faifan da ƙashi, ya nutse cikin ƙashin kansa ya yi ɗan rami. Da yake babu jijiyar ƙafa a wurin, ba kasafai ciwon kan sauka ƙafa ba.

An fi samunsa a daidai inda ƙasusuwan bayan ƙirji suka haɗu da na ƙugu.

Faɗowa daga sama, ko hatsarin babur, ko sungumar buhun dutse na iya haddasa shi farat ɗaya. Haka ma raunin ƙashi saboda tsufa, da gado. Yaran da ke tasowa suna cikin hatsari, domin murfin nasu bai gama ƙwari ba, ga shi kuma yara na cikin masu dakon dutse a wuraren haƙar.

Sai dai mafi yawan masu wannan ƙulli ba su ma san suna da shi ba. Sau da yawa ana ganinsa ne kwatsam, a hoton da aka ɗauka don wata lalura.

Magani

Wanda bai da ciwo ba ya bukatar magani.

Sabon ƙulli ne kan yi zafi, saboda kumburin da ke tasowa cikin ƙashin. Likitoci kan ba da maganin rage zafi, da hutu na 'yan kwanaki, sannan motsa jiki don ƙarfafa naman baya da na ciki. Kwanciya ta tsawon makonni ba ta da amfani. Ciwon kan lafa cikin makonni ko watanni, kuma da wuya a kai ga tiyata.

Matsalar ita ce mai aikin ƙarfi ba ya iya ajiye aiki, don haka sai ya koma ga ƙwayoyi. Yawan shan diclofenac ko ibuprofen na lalata ciki da ƙoda, tramadol kuma na kama jiki. Ƙaho da sakiya ba sa kaiwa inda ramin yake, kuma ba karaya ba ce da mai ɗori zai ja ya gyara.

Hoton ƙashi na yau da kullum kan nuna tsohon rami, amma na'urar MRI ce ke bambance sabo da tsoho. Wannan na nufin tafiya zuwa manyan asibitoci, kamar asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, ko asibitin ƙashi na Dala a Kano, a kan hanyoyin da 'yan bindiga suka addaba.

Abin da ya fi hatsari

Babban abin tsoro shi ne a ɗora wa ƙullin laifin wata cuta daban.

Tarin fuka na kama ƙashin baya, kuma yana iya kai mutum ga ƙusumbi ko shanyewar ƙafafu. Ciwon baya da ya zo da zazzaɓi, da gumin dare, da rama, na bukatar gwaji cikin gaggawa. Maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati.

Akwai kuma gubar dalma, wadda a shekarar 2010 ta hallaka yara kimanin 400 a jihar, a ƙauyuka irin su Dareta da Abare a Anka, da 'Yargalma a Bukkuyum. A jikin manya, dalma kan taru cikin ƙashi, tana kuma sa ciwon gaɓoɓi da na ciki. Gwajin jini ne ke gano ta.

Duk wanda ƙafafunsa suka fara mutuwa, ko ya kasa riƙe fitsari, ya kamata a garzaya da shi asibiti a ranar.