Wanzamin da Ya Nemi a Koya Masa Addu'a

Dukanmu mun san wannan damuwa. Mukan durƙusa da niyyar addu'a, kafin mu kai "Amin" zuciya ta tafi gona, ta biya kasuwa, ta tsaya a kan kuɗin makarantar yara. Wannan ciwo ba da mu ya fara ba. Yau za mu koma ƙasar Jamus, garin Wittenberg, a shekara ta 1535, mu ga maganin da wani bawan Allah ya ba abokinsa.

Martin Luta, wanda Allah ya yi amfani da shi wajen gyaran ikkilisiya tun daga 1517, yana da wanzami mai suna Bitrus Beskendorf. Wanzaman Turai na wancan zamani kamar namu suke: ban da aski, suna fid da jini, suna ɗaure rauni. Bitrus ya roƙi Luta ya nuna masa yadda ake addu'a. Lokacin kuwa aiki ya yi wa Luta yawa, domin a 1534 ne aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da ya fassara zuwa Jamusanci. Duk da haka ya zauna ya rubuta wa wanzaminsa ɗan littafi, aka buga shi a farkon 1535.

Abin da ya fi taɓa mu shi ne Luta bai ɓoye kasawarsa ba. Ya yarda cewa shi ma zuciyarsa takan yi sanyi, addu'a ta zama masa nauyi. In haka ta faru, ba ya zama jiran zuciyar ta huce da kanta. Yakan ɗauki littafin Zabura ya shige ɗaki, ya fara karanta Dokoki Goma, da Shaidar Bangaskiya, da wasu maganganun Yesu ko na Bulus, kamar yadda yaro yake maimaita darasi. Maganar Allah ita ce garwashin da yake hura wuta da shi. Sai zuciya ta ɗumama, sa'an nan addu'a ta biyo.

Ya kuma nuna wa Bitrus yadda zai tufka kowace aya kamar igiya mai zare huɗu. Da fari ya tambaya me Allah yake koya masa a nan. Daga koyarwar sai godiya, daga godiya sai furta zunubi, daga nan kuma roƙo. Mu gwada da dokar da ta hana sata. Tana koya mana cewa Allah ya damu da dukiyar maƙwabcinmu. Sai mu gode masa, gama wannan doka ita ce shingen da ya kewaye akuyarmu da rumbunmu. To, zare na uku shi ne mai zafi: mudun da muka rage, bashin da muka yi kamar mun manta, ladan ɗan ƙodago da muka jinkirta. Wanda ya bi ta nan, in ya zo wajen roƙo ba zai rasa abin faɗa ba, kuma tunaninsa ba zai sami zarafin yawo ba.

Luta ya ba abokinsa misali daga sana'arsa. Wanzami nagari idonsa da hankalinsa suna kan aska. In ya shagala da hira, zai yanke hancin mutum ko maƙogwaronsa. Haka addu'a take bukatar zuciya ɗungum. Amma ya gargaɗe shi kada ya mai da tsarin ya zama wata sabuwar haddar baki. Shi kansa wani lokaci yakan tsaya a kan roƙo guda na Addu'ar Ubangiji, ya bar sauran, domin in Ruhu Mai Tsarki ya fara koyarwa a zuciya, gara mutum ya yi shiru ya saurara. A ganinmu wannan gargaɗi ya fi dacewa da mu, mu da muke iya zuba Addu'ar Ubangiji ran Lahadi ba tare da mun ji kalma ɗaya ba.

Da mun so labarin ya ƙare da daɗi, amma tarihi bai ba mu haka ba. A cikin wannan shekara ta 1535, ran Asabar kafin Ista, Bitrus ya soki surukinsa, mijin 'yarsa, mai suna Dietrich, ya mutu. Hukuncin kisa ne ya kamata ya hau kansa. Luta bai juya masa baya ba, yana cikin waɗanda suka roƙa masa sassauci. Aka bar shi da rai, amma aka kore shi daga ƙasar, ya rasa gidansa da dukiyarsa, ya koma garin Dessau da tsufansa.

Littafin kuwa ba a janye shi ba. An yi ta sake buga shi, an fassara shi cikin harsuna da dama, har yau masu bi suna karanta shi, kuma sunan Bitrus wanzami yana nan a kansa.