Tarihin Alƙalanci da Rabon Gurabe a Gasar Zamiyar Gwaninta kan Ƙanƙara

Zamiyar gwaninta wasa ne da ake yi a kan daskararren ruwa, da takalmi mai siririn ƙarfe a ƙasansa, ɗan wasa yana tsalle da juyi da taku bisa kiɗa. Rukuni huɗu gare shi: na maza, na mata, na 'yan bibbiyu, da rawar ƙanƙara. Babu agogo ko raga da za su fitar da gwani, sai abin da alƙalai suka ce. Hukumar da ke riƙe da wasan a duniya ita ce ISU, wadda aka kafa a garin Scheveningen na ƙasar Holan a 1892, hedikwatarta kuma tana Lausanne a Suwizalan. Ɗan wasa ba ya kai kansa gasar duniya. Ƙungiyar ƙasarsa ce ke tura shi, ita ce kuma ke miƙa sunan alƙalin da zai wakilce ta a teburi. Akasarin rigingimun da za a ambata a ƙasa daga nan suka samo asali.

Zamanin maki shida

An yi gasar duniya ta farko a St Petersburg a 1896. A 1902 wata Baturiyar Ingila, Madge Syers, ta lura dokar ba ta hana mata shiga ba, ta shiga cikin maza ta zo ta biyu. A 1906 aka ware wa mata tasu gasar. Wata rigimar alƙalanci da ta sauya doka ta faru a gasar duniya ta Oslo a 1927. Herma Szabo ta Ostiriya, wadda ta ci kambin duniya sau biyar a jere, ta sha kaye a hannun Sonja Henie, 'yar ƙasar Norwe mai shekara 14. Alƙalai biyar ne, uku 'yan Norwe, kuma su ukun ne suka ba Henie na ɗaya. Szabo ta bar gasa daga nan, ISU kuma ta kafa dokar cewa ƙasa ba za ta sami fiye da alƙali ɗaya a teburi ba.

Tsarin da aka yi kusan ƙarni ana bi shi ne na maki 6.0. Kowane alƙali yana ba da maki biyu, ɗaya na wuyar abin da aka yi, ɗaya na kyan gabatarwa. Sai dai ba jimillar makin ke yanke hukunci ba. Ana duba wa kowane alƙali ya sa na ɗaya, wa ya sa na biyu, wanda ya sami rinjayen alƙalai shi ne a gaba. Shi ya sa a teburin mutum tara, ƙuri'ar alƙali guda kan raba zinare da azurfa.

Akwai kuma zanen tilas, wanda yanzu ya zama tarihi. Ɗan wasa zai shata siffa irin ta lamba 8 a kan sabuwar ƙanƙara da ƙafa ɗaya, ya sake bin sawun nan daidai har sau uku, babu kiɗa babu tafi. Alƙalai su sauko cikin manyan rigunan sanyi, su duƙa suna duba ko layukan sun hau kan juna. Har zuwa 1968 wannan sashe shi ne kashi 60 cikin ɗari na sakamako. Talabijin ce ta kashe shi. A Olamfik na Sapporo a 1972 masu kallo sun ga Janet Lynn ta Amurka ta fi kowa a wasan kiɗa, amma tagulla ta samu, zinare ya tafi ga Trixi Schuba ta Ostiriya wadda ta riga ta yi fintinkau a zanen da ba wanda ya kalla. A 1973 aka shigo da gajeren shiri don rage wa zanen nauyi, bayan gasar duniya ta 1990 kuma aka soke shi gaba ɗaya.

Lokacin yaƙin cacar baka an saba ganin alƙalan gabashin Turai sun karkata gefe guda, na yamma sun karkata ɗaya gefen. Abin ya kai ISU ta dakatar da dukkan alƙalan Tarayyar Sobiyet na kakar 1978. A Olamfik na Nagano a 1998 wata alƙaliyar Kanada, Jean Senft, ta naɗi muryar takwaranta na Yukren, Yuri Balkov, yana zayyana mata jerin waɗanda za su yi nasara a rawar ƙanƙara tun ba a kammala gasar ba. An dakatar da shi shekara ɗaya. Ita ma da ta tona asirin an dakatar da ita, bisa zargin fifita 'yan ƙasarta.

Badaƙalar 2002

A daren 11 ga Fabrairu 2002, a Olamfik na Salt Lake City ta Amurka, aka yi wasan ƙarshe na 'yan bibbiyu. Elena Berezhnaya da Anton Sikharulidze na Rasha sun yi shiri mai wuya, amma namijin ya yi tuntuɓe wajen sauka daga wani tsalle, kowa ya gani. Jamie Salé da David Pelletier na Kanada sun yi nasu babu kuskure. Alƙalan Rasha, Sin, Polan, Yukren da Faransa suka ba Rashawa na ɗaya. Na Amurka, Kanada, Jamus da Japan suka ba 'yan Kanada. Biyar da huɗu. Zauren ya ɗauki ihu, masu sharhi a tashoshin Amurka da Kanada suka ce an yi maguɗi tun kafin a rataya lambobin.

Ido ya koma kan alƙaliyar Faransa, Marie-Reine Le Gougne. A daren nan Sally Stapleford, shugabar kwamitin fasaha na ISU, ta tare ta a harabar otal. Waɗanda suka shaida sun ce ta fashe da kuka, ta ce shugaban ƙungiyar ƙasarta, Didier Gailhaguet, shi ya matsa mata ta zaɓi Rashawa. Washegari ta maimaita hakan a taron alƙalai. Abin da aka fahimta shi ne ba ni gishiri in ba ka manda: Faransa ta taimaki Rasha a nan, a saka mata a rawar ƙanƙara, inda Marina Anissina da Gwendal Peizerat ke neman zinare, suka kuma samu. Daga baya Le Gougne ta janye maganarta, ta ce har zuciyarta Rashawan ne suka cancanta, matsin da ta sha ma daga masu goyon bayan Kanada ya zo. Masu rubuta tarihin wasan sun rabu a kan wace magana za a ɗauka. Ta farkon ta fi ƙarfi, domin an ji ta a wurare biyu a gaban shaidu da yawa, kafin lauyoyi su shigo. Wannan ba ya nufin sauran alƙalai huɗun sun yi kuskure. Har yau akwai masana da ke ganin shirin Rashawan ya fi wuya kuma ya isa ya ci.

Shugaban kwamitin Olamfik na duniya, Jacques Rogge, ya matsa wa shugaban ISU, Ottavio Cinquanta, a kashe wutar. Ranar 15 ga Fabrairu aka sanar za a ba 'yan Kanada nasu zinaren, Rashawa su riƙe nasu. A ƙarshen Afrilu aka dakatar da Le Gougne da Gailhaguet shekara uku-uku, aka kuma hana su Olamfik na 2006. Ba a hukunta wani jami'in Rasha ba. A watan Yuli aka kama wani ɗan kasuwa, Alimzhan Tokhtakhounov, a Italiya bisa tuhumar Amurka cewa da hannunsa a cinikin, amma kotun Italiya ta ƙi miƙa shi. Stapleford ta rasa kujerarta a zaɓen ISU na wannan shekarar. Gailhaguet kuwa ya koma shugabancin ƙungiyar Faransa a 2007, ya riƙe har 2020.

Sabon lissafi

An amince da sabon tsari a 2004, aka fara amfani da shi a Olamfik a Turin a 2006. Ya raba aikin gida biyu. Kwamitin fasaha na mutum uku, da taimakon hoton bidiyo da ake maimaitawa a hankali, shi ke faɗin abin da ɗan wasa ya yi: wane tsalle ne, ya cika juyinsa ko ya gaza, juyin tsaye ko takun nan wane mataki ya kai daga ɗaya zuwa huɗu. Kowane abu da farashinsa a rubuce. Alƙalai tara kuma su auna yadda aka yi shi, daga 2018 tsakanin -5 da +5, kowane mataki kashi goma cikin ɗari na farashin. Ana zubar da maki mafi sama da mafi ƙasa, a ɗauki matsakaicin sauran.

Tsallen Axel mai juyi uku da rabi, alal misali, farashinsa 8.0 ne. In alƙalai suka ba shi +3 ya zama 10.4. In ɗan wasa ya faɗi, ya koma 4.0, a kuma cire masa maki ɗaya na faɗuwa. Axel mai juyi huɗu da rabi, wanda Ilia Malinin na Amurka ya fara sauka da shi a gasa a Satumbar 2022, farashinsa 12.5. Ban da wannan akwai makin tsari da gabatarwa da ƙwarewar zamiya, kowanne bisa goma. Da biyar ne, aka mai da su uku a 2022. Nan ne ra'ayin alƙali ya fi samun wurin sakewa.

Babban aibin gyaran shi ne ɓoye sunan alƙalai, wai don kada ƙungiyoyinsu su san abin da suka bayar su takura musu. Masanin tattalin arziki Eric Zitzewitz ya bi makin ya gano fifita ɗan gida ƙaruwa ya yi. A Olamfik na Sochi a 2014 Adelina Sotnikova ta Rasha ta doke Kim Yuna ta Koriya ta Kudu da 224.59 da 219.11. A teburin akwai Balkov ɗin nan na Nagano, akwai kuma Alla Shekhovtsova, matar babban daraktan ƙungiyar Rasha, ga shi ba mai iya cewa ga makin da wane ya bayar. ISU ta yi watsi da ƙarar Koriya, amma a taronta na Dubrovnik a 2016 ta soke ɓoye sunan.

Rabon gurabe

A gasar duniya kowace ƙasa tana da gurbi ɗaya a kowane rukuni, muddin ɗan wasanta ya kai mafi ƙarancin makin fasaha da aka fara gindayawa a kakar 2010 zuwa 2011. Ba a wuce uku. Sakamakon bana ke sayen gurbin baɗi: a haɗa matsayin 'yan wasa biyu mafi kyau na ƙasa, in bai wuce 13 ba gurbi uku, in bai wuce 28 ba gurbi biyu. Wanda ya je shi kaɗai, in ya shiga goman farko ya samo biyu, in ya zo na ɗaya ko na biyu ya samo uku. Haka Kim Yuna ita kaɗai ta samo wa Koriya gurbi uku a Sochi da nasararta ta 2013. Matan Amurka kuwa sun zo na 5 da na 11 a 2009, jimilla 16, suka je Olamfik na Vancouver su biyu. Yawancin guraben Olamfik a gasar duniya ta shekarar da ta gabata ake raba su, ragowar a wata gasa ta kaka, wadda daga 2009 zuwa 2021 ake yi a Oberstdorf ta Jamus.

Gurbin na ƙasa ne, ba na wanda ya wahala ya samo shi ba, kuma ƙungiya ba dole ta bi sakamakon gasar cikin gida ba. A 2014 Amurka ta ɗauki Ashley Wagner da ta zo ta huɗu ta bar Mirai Nagasu ta uku. A 2018 ta ɗauki Adam Rippon na huɗu ta bar Ross Miner na biyu, tana kafa hujja da abin da suka yi a tsawon kaka. Rasha a 2014 tana da gurbin namiji ɗaya tak. Ta ajiye zakaran ƙasa Maxim Kovtun ta ɗauki Evgeni Plushenko bayan wani gwaji a asirce. Ya taimaka wa Rasha ta ci zinaren gasar tawagogin ƙasashe, sannan ciwon baya ya sa ya janye, aka yi gasar maza a Sochi babu ɗan gida.

Jerin gasannin Grand Prix, da aka fara a 1995, su ne inda ake gayyatar mutum da sunansa. Gasa shida ne a kaka, ba mai shiga fiye da biyu. Waɗanda suka zo goma sha biyun farko a gasar duniya suna samun biyu, ana kuma rarraba shidan farko don kada manya su haɗu da wuri. Mai masauki yana da damar sa 'yan ƙasarsa har uku a rukuni. Na ɗaya maki 15, na biyu 13, na uku 11. Shida mafi maki su je wasan ƙarshe. 'Yan Afirka, Asiya, nahiyoyin Amurka da yankin Ostireliya suna da gasar Nahiyoyi Huɗu tun 1999, kwatankwacin ta Turai.

Shekaru ma shinge ne. Mao Asada ta Japan ta ci wasan ƙarshe na Grand Prix a Disambar 2005, amma ba ta je Turin ba saboda ta gaza cika shekara 15 kafin 1 ga Yuli da ƙasa da wata uku. Bayan rikicin ƙwayar ƙara kuzari na Kamila Valieva, mai shekara 15, a Olamfik na Beijin a 2022, aka ɗaga iyakar a hankali zuwa 17. A Maris na wannan shekarar aka rufe wa Rasha da Belarus ƙofar gasannin ISU saboda yaƙin Yukren.

Zaɓen alƙalai

Kwamitin fasaha ISU ke naɗa shi. Alƙalai kuwa ƙuri'a ake jefawa tsakanin ƙasashe, ƙasar da ta fito ƙungiyarta ta kawo mutuminta, kuma ba a hana shi yi wa ɗan ƙasarsa alƙalanci. Bayan Olamfik na 2018 an dakatar da alƙalan Sin biyu saboda fifita 'yan gida, Chen Weiguang shekara biyu, Huang Feng shekara ɗaya. A Beijin a 2022 Huang Feng ne ya shugabanci kwamitin fasaha na 'yan bibbiyu.